Katin Hoto Da Kuɗin Adashi



Yau ba sharhin littafi muka zo da shi ba. Magana ce a kan wani ɗan ƙarfe mai fanka a jiki, wanda tsawonsa bai wuce taƙi guda ba amma kuɗinsa ya isa a sayi tunkiya. A kasuwa girafik kad ake ce masa. Mu a nan katin hoto za mu kira shi, domin aikinsa ke nan. Duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta lokacin wasa, ciyawar fili, inuwar ɗan wasa, ragar da ke motsi idan ƙwallo ta shiga, shi ne yake zana su. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo sama da miliyan biyu, kuma idan ana son motsi ya tafi sumul, sai katin ya sake cika su da launi sau 60 a kowace daƙiƙa. Wannan nauyi ne ya sa yake da tsada, yake shan wuta, yake kuma zafi.

Wani zai ce me ya haɗa marubuci da wannan. To, da yawa a cikinmu yanzu da kanmu muke haɗa bangon littafi, muke yanka bidiyon karatun labari mu ɗora a YouTube. Katin da ke buga ƙwallo da daddare shi ne yake wannan aikin da rana.

Mu huɗu ne, tare muka gama difloma a foli, kwamfutarmu kuma ɗaya ce: tsohuwar ta ofis ƙirar Dell OptiPlex, tokumbo, doguwa ba siririya ba, da firosesa Core i5 ta ƙarni na shida a ciki. Tana rubutu, tana haɗa bango, amma da an buɗe mata wasan ƙwallo na zamani sai ta fara ɗingishi. Muka yi wata shida muna zubi kamar adashi, sai dai babu mai kwasa, katin ne zai kwashe duka. Saboda haka zaɓin ya yi mana nauyi. Wanda ya sayi abu da kuɗinsa shi kaɗai, in ya lalace ya yi tsaki ya wuce. Kuɗin mutum huɗu kuwa in ya faɗa rijiya, har da abota yake tafiya.

Katin hoto da dala ake sayo shi, ko a Farm Centre ta Kano ka gan shi, ko a Computer Village ta Ikeja. GTX 1650 ya fito a 2019 a kan dala 149. A lokacin dala tana wajen naira 360, ka ga kuɗinsa bai kai dubu 54 ba. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, dala 149 ɗin nan ta zama sama da dubu 220. Katin bai ƙara gudu ba, aljihunmu ne ya motse. Don haka idan muka ga bidiyon Bature yana cewa kati kaza na masu ƙaramin ƙarfi ne, mun san ba da mu yake ba. Ƙaramin ƙarfinsa dala 300 ne. Mu kasuwarmu ta 'yan hannu ce, kuma a nan ido yake aiki fiye da kunne.

Tarko na farko da ke jiran mai saye shi ne giga. Mun saba da waya, inda mai giga da yawa ya fi tsada ya kuma fi daraja, sai mu ɗauko wannan ma'auni mu kawo shi kan katin hoto. Za a nuna maka GT 730 an rubuta 4GB ɓaro-ɓaro a kwalinsa, a gefe kuma ga GTX 750 Ti mai 2GB, sai zuciya ta karkata ga mai huɗu. Alhali mai biyun ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Gigar katin hoto kamar teburin tela ce, guntun ƙarfen da ke tsakiyar katin kuma shi ne telan da kekensa. In ka ba ɗan koyo tebur mai faɗin tabarma, ba zai sa ya gama riga da wuri ba. Teburin yana zama matsala ne kawai idan ya yi wa gwani kaɗan, kuma a yau duk katin da bai kai 4GB ba ya yi wa sababbin wasanni kaɗan.

Suna ma ba abin dogaro ba ne. GT 1030 iri biyu ne da suna ɗaya, mai ma'ajiyar GDDR5 da mai DDR4, kuma na biyun hanyar da bayanai ke bi a cikinsa da ƙyar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ta farkon. Akwai RX 580 na asali mai ƙananan ma'aikata 2304 a ciki, akwai kuma wanda aka liƙa wa 2048SP a ƙarshen suna, wanda aka yi wa kasuwar Sin, shi kuwa adadin ma'aikatansa daidai yake da na ƙanensa RX 570. Sai kuma jabu tsagwaronsa: tsohon kati irin GTS 450 na 2010 da aka sauya wa bayanan ciki, in ka saka shi a kwamfuta ya ce maka sunansa GTX 1050 Ti. Alamarsa mai sauƙi ce. In ka ga 1050 Ti da shuɗin ramin VGA a bayansa, mayar wa mai shi kayansa, na gaske ba ya zuwa da wannan rami.

Bayan mun tace, katuna biyu suka rage mana waɗanda kuɗinmu zai iya kaiwa, kuma a kansu ne muka rabu gida biyu.

Babbanmu, wanda shi ne ya fi mu sanin wasanni, ya tsaya kai da fata a kan RX 580 mai 8GB. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Katin ya fito a 2017 a matsayin na matsakaita masu ƙarfi, ya fi GTX 1650 gudu a fili, teburinsa ya ninka nasa, kuma a kasuwar 'yan hannu sau da yawa bai fi shi tsada ba. In ana maganar gudu a kan kowace naira, babu gardama, shi ne gaba. Ya ce mana, “Ku wai wa ya taɓa ganin an ba mutum doki da jaki a kuɗi ɗaya ya ce jakin yake so?”

Mai gyaran waya a cikinmu ya ce, “Yaya, wanda ba shi da kuɗin dawar doki.”

Daga nan ya ɗauko sukundireba ya buɗe murfin kwamfutar, ya nuna mana takardar da ke manne a jikin fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. An rubuta wat 240. RX 580 shi kaɗai yana jan wat 185, kuma abin da ake shawartar a haɗa shi da shi fawa-fak ne mai wat 500. Ramin da ake soka kati a jikin babban allo wat 75 kawai yake iya bayarwa, duk katin da ya fi haka ci sai an jawo masa wata waya daban mai baki shida ko takwas daga fawa-fak. Tamu ba ta da wannan waya, domin kwamfutar ofis ba don wasa aka ƙera ta ba. Sauya fawa-fak ɗin ma ba kamar sauya ƙwan fitila ba ne, irin waɗannan kwamfutoci suna da nasu bakin waya na daban, sai an nemo abin haɗi, sai kuma an ga ko sabon zai zauna a gurbin tsohon. Kafin a ankara, dokin da aka ce kuɗinsa ɗaya da jaki ya jawo sirdi da linzami. Fawa-fak mai arha kuma, wanda aka rubuta wa wat 500 amma in ka ɗaga shi ka ji kamar gwangwanin madara, shi ne abu na ƙarshe da mai hankali zai haɗa da kayan da ya yi wata shida yana tarawa. In ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai.

GTX 1650 kuwa wat 75 ne, yawancinsu daga ramin allo suke shan wutarsu, ba sa neman ƙarin waya. Mun ce yawancinsu, domin akwai waɗanda suke zuwa da baki shida, sai an duba gefen katin da ido. Kamfanin Nvidia yana shawartar fawa-fak mai wat 300 ko ga wannan ɗin, ba mu ɓoye wa kanmu haka ba. Amma da muka lissafa, kati 75, firosesa 65, sauran tarkace wajen 35, ba mu kai 180 ba. Akwai ɗan sarari, ko da ba mai yawa ba.

Sai maganar da babu Baturen da zai yi maka ita a bidiyo: daga ina wutar za ta fito?

Bambancin katunan biyu wat 110 ne. In ana wasa awa huɗu kullum, a wata awa 120 ke nan, wato yunit 13 da ɗoriya. A farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan Band A a Afrilun 2024, kusan naira 3,000 ne a wata. Wannan ana iya jurewa. Sai dai ɗakinmu ba a Band A yake ba. In an ɗauke wuta, abin da muke da shi inbata ce ƙarama da batir guda mai bolt 12, amfiya 200. A lissafin takarda yunit 2.4 ne a cikinsa, kuma duk mai son batirinsa ya yi ƙarko ba ya shanye fiye da rabi. Kwamfutar da allonta, in da GTX 1650 ne, suna cin wajen wat 200, ka ga awa biyar zuwa shida. In da RX 580 ne sun haura wat 300, ba za a kai awa huɗu ba, kuma wannan kafin a kunna fanka ko a soka cajin waya. A watan Afrilu, a Kano, zaɓi tsakanin fanka da wasa ba zaɓi ba ne. Wanda yake da ƙaramin janareta shi ma lissafin bai bar shi ba, sai dai shi a gidan mai zai biya.

Kuma duk wat ɗin da kati ya ci, zafi yake komawa, a cikin ɗakin yake zama tare da kai. Alkaluman zafi da ake nunawa a gwaje-gwajen ƙasashen waje a ɗaki mai sanyi ake ɗaukarsu, digiri ashirin da 'yan kai. Mu a bazara inuwa ma tana kai 40. Katin da ya tsaya a 70 a can, a nan zai doshi 85, kuma da ya haura 80 da wani abu yakan fara rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Wato gudun da ka biya kuɗi dominsa, zafi ya karɓe wani kaso. In hunturu ya zo kuma ƙura ta karɓi aiki, ta toshe haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi, ta zauna a fuka-fukan fanka. Kati mai ɗan ci ya fi haƙuri da wannan yanayi.

Akwai kuma tarihin katin, wanda ba a rubuta shi a kwali. Ba irin mainin ɗin dangwale da muka yi a waya a 2024 muke nufi ba. A 2017, sannan a 2021, masu haƙar kuɗin Ethereum sun riƙa sayen katunan hoto ɗari-ɗari suna jera su a kan katako, suna aiki dare da rana babu hutu, kuma RX 570 da RX 580 suna cikin waɗanda suka fi so. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta sauya tsarinta, haƙarta da katin hoto ta ƙare, katunan suka kwararo kasuwannin duniya har suka iso mu. Arahar RX 580 daga nan take. Adalci shi ne a ce ba duk katin da ya yi haƙa ne ya lalace ba, wasu masu haƙar sun rage masa wuta sun kula da shi fiye da yadda ɗan wasa zai yi. Amma fankarsa ta yi shekaru tana juyi, man da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya bushe, wani ma an taɓa masa bayanan ciki. Kai da ke tsaye a gaban kanta ba ka san wanne ne a hannunka ba.

Mun ɗan leƙa wasu kafin mu yanke. GTX 1050 Ti ya fi arha, shi ma wat 75 ne, amma shi ne mafi ƙarancin abin da EA Sports FC 24 ta ce za ta karɓa, kuma Nvidia ta sanar cewa daga ƙarshen 2025 ta daina yi wa katunan zuriyarsa sababbin direbobin wasanni. Sayensa kamar hayar ɗakin da aka riga aka ba mai shi notis ne. RX 6400 sabo ne a kansu, wat 53 kacal, sai dai a tsohuwar kwamfuta irin tamu gudunsa yana raguwa, kuma ba shi da sashen da ke matse bidiyo, mu kuwa rabin aikinmu bidiyo ne. RTX 3050 mai 6GB, wanda ya fito a 2024, wat 70 ne kuma ba ya son ƙarin waya. Shi ne ya fi dacewa da mu a komai in ban da kuɗinsa. Muka kalle shi, muka yi masa fatan alheri.

Ƙuri'a ta ba GTX 1650 uku, RX 580 ɗaya.

Ba a cinikin biri a sama, saboda haka da kwamfutar tamu muka tafi kasuwa, a cikin buhu, a bayan Adaidaita. Mai shagon dattijo ne, ya dube mu ya dubi buhun ya ce, “Samari, ai kayana ba sa buƙatar wannan wahalar.” Muka ce, “Alhaji, ba rashin yarda ba ne, kuɗin mutum huɗu ne.” Ya yi dariya ya sa yaronsa ya ba mu soket da benci.

Abin da muka yi ba wani sihiri ba ne, kowa zai iya. Mun je da manhajoji biyu na kyauta a filashi. GPU-Z tana karanta ainihin abin da ke cikin kati, sunan guntun ƙarfen, irin ma'ajiya da yawanta, kuma takan tona asirin jabu. A nan muka ga namu mai GDDR6 ne, wanda aka fara fitarwa a 2020, ya ɗan fi na farkon gudu. FurMark kuma tana ɗora wa kati kaya iya ƙarfinsa. Muka bar ta tana gudu minti ashirin muna kallon abu uku: kada zafi ya yi ta hawa babu tsayawa, kada wasu ɗigo ko layuka masu launi su ɓullo a allo, kada kwamfutar ta mutu da kanta. Muka kasa kunne ga fanka ko za mu ji ƙara irin ta ƙarfe na gogar ƙarfe. Muka juya katin muka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, muka shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna, muka gwada kowane rami na baya ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe muka buɗe wasan da kansa, domin gani ya kori ji. Sannan muka roƙi Alhaji ya rubuta mana garantin kwana bakwai a rasit, da lambar jikin katin. Ya rubuta, yana cewa yaran yanzu sun fi lauya.

Wani ƙaramin abu da ke hana mutane barci a daren farko shi ne waya. Allonmu tsoho ne mai VGA, katunan nan kuwa duk sun bar VGA. Kan haɗi na roba zalla ba ya aiki, sai mai ɗan inji a ciki da ke juya HDMI zuwa VGA. Mun san da haka, mun saye shi a shagon kafin mu fito. Allon ma ya taimaka wajen yanke hukunci tun farko: sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, ko kati ya zana 140, sittin ɗin nan za ka gani.

Yanzu ƙwallo tana tafiya lafiya in an sa ƙawar hoto a matsakaici. GTA V, da yake wasan 2015 ne a kwamfuta, ko a jikinsa. Manyan wasannin da suka fito a shekarun nan kuwa sai an sauke komai ƙasa, wasu ma ba ma tunkararsu, 4GB tana da iyakarta kuma mun san da haka tun kafin mu biya. Bidiyon karatu na minti talatin da a da muke barin kwamfutar tana fitarwa mu je sallah mu ci abinci mu dawo, yanzu kafin shayi ya huce ta gama.

Babbanmu har yau bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma ba ma ganin ya yi kuskure. Gidansu yana layin da wuta ke zama, yayansa yana da sola a rufin ɗaki. Da a can kwamfutar take, a cikin akwati mai faɗi da fawa-fak na kirki, da RX 580 ɗin za mu saya, ko ma mu ƙara wata uku a zubi mu nemi RX 6600, wanda wat 132 yake ci kuma ya fi su duka biyun gudu. Duk lokacin da hoto ya ɗan tsaya a tsakiyar wasa sai ya juyo ya ce, “Jakinku ya gaji.” Mai gyaran waya ya nuna masa fitilar inbata da ke kore, ba ya cewa komai.

Canjin da ya rage bai koma aljihun kowa ba. Mun ƙara ram mai 8GB ta zama 16, a ramuka biyu, domin firosesa ta daina jira. Mun sayi sitabilaiza, saboda irin wutar da ake kawowa da tsakar dare. Ragowar ta tafi a burushin fenti mai laushi da ɗan famfon iska na masu gyaran waya, kuma an rubuta a bango cewa duk Asabar ta farkon wata za a buɗe murfi a kaɗe ƙura, bi da bi. Wannan watan layin autanmu ne.